Bin sawun fashewar gama daga saman soro a Tawa

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 2022, ƙarfe 2 da minti 17 na rana agogon Nijar, yawancinmu a Tawa muna kishingiɗe a inuwa bayan azahar, wani haske ya iso duniya bayan tafiyar shekara kusan miliyar 2. Ba wanda ya gan shi da ido, amma wasu na'urorin da ke sararin samaniya sai da suka makance na ɗan lokaci saboda ƙarfinsa. An sa masa suna GRB 221009A (GRB gajarcen "fashewar gama" ne da Ingilishi), kuma tun da aka soma wannan awo ba a taɓa kama irinsa ba. Ni malamin fizik ne a lise. Da na kai labarin aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, abin da ba a gani, wa ya ce ta nan ya fito ba ta can ba?" Tambayar ta zauna mini a rai, domin nan ne wuyar aikin take. Ga amsar yadda na fahimce ta, tare da abin da kai ma za ka iya yi da salularka.

Hasken gama ɗan'uwan hasken da muke gani ne, sai dai kowace ƙwayarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, har ta ɗara hasken X da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shi ne irin wanda dutsen uraniyom na Arlit ke fitarwa kaɗan-kaɗan. Fashewar gama kuwa ambaliya ce ta wannan haske, wadda ke fitowa sa'ad da wani ƙaton tauraro ya ruguje ya koma baƙin rami, wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa, ko taurari biyu na niyutiron, wato dunƙulallun ragowar matattun taurari, suka yi karo. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun kafin ya sauko, rahama ce gare mu, amma saboda haka dole a kai ma'auni sama. Farkon ganinta ma ba nemanta aka fita yi ba. Amurka ce ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela don ta sa ido kan yarjejeniyar 1963 ta hana gwajin makamin nukiliya a iska da sararin sama. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka ji wani bugu da bai yi kama da na bam ba, kuma sai a 1973 Ray Klebesadel da abokan aikinsa na Los Alamos suka fitar da labarin guda 16.

Aiki na farko shi ne jin bugun. Ma'aunin yana ƙirga ƙwayoyin gama da ke faɗo masa ba dare ba rana, har ya san adadin da ya saba samu. In ƙirgen ya yi tsalle farat ɗaya, sai kwamfutar da ke ciki ta buga ƙararrawa. Ba kowace ƙararrawa ce gaskiya ba: rana takan yi aman wuta, kuma tsawar damina irin tamu takan harba ɗan hasken gama sama na ƙasa da ƙiftawar ido. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don Fermi da Swift, manyan taurarin ɗan'adam guda biyu na wannan aiki, hanyarsu ta kewaya duniya tana bi ta saman Nijar. Daga nan sai a auna tsawon bugun. Wanda bai kai daƙiƙa 2 ba, galibi karon taurarin niyutiron ne. Wanda ya zarce, galibi mutuwar babban tauraro ce.

To, ina ta fito? Hasken gama ba ya lanƙwasa a gilashi, ba ya dawowa daga madubi, ratsa su yake ya wuce. Don haka ba a iya tara shi a ɗauki hoto yadda ake yi da kyamara. Dabaru uku ake yi, kuma dukansu ina nuna wa ɗalibaina su da kayan gida.

Ta farko ita ce ta rumbu. Ka kewaya rumbun ƙasa irin namu na Adar da hantsi. Ɓangaren da ke kallon rana ya fi haske, na gefe ya rage, na baya yana inuwa. Ko ba ka ɗaga kai ba, ka san inda rana take. Haka ma'aunin GBM da ke jikin Fermi, wanda aka harba ranar 11 ga Yuni 2008, yake aiki. Yana da faya-fayai 12 masu jin gama, kowane ya fuskanci wani gefe, da wasu 2 na ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi. A gwada ƙirgen wannan da na wancan, sai a ce ta wajen nan ta zo. Amfaninta shi ne yana jin duk sararin da duniya ba ta kare masa ba, har yakan kama wajen 240 a shekara. Aibinta, wurin da take nunawa faɗi gare shi, digiri da yawa. Ka miƙa hannunka ka dunƙule shi: wannan dunƙulen digiri 10 ne, wata kuma rabin digiri ne kacal. Ka ga ke nan kamar an ce maka akuyarka tana tsakanin Tawa da Ƙonni. Duk da haka da irin wannan dabara ce ma'aunin BATSE ya tara fashewa 2,704 tsakanin 1991 da 2000, aka ga sun bazu ko'ina a sama daidai wa daida, alamar farko mai ƙarfi cewa daga wajen garken taurarinmu suke zuwa.

Ta biyu ita ce wadda ta fi burge ni, dabarar zana. Ka ɗauki tsohuwar zana mai huje-huje, ka riƙe ta sama da farin ƙyalle, wani ya haska tocila daga nesa. Inuwar hujojin za ta faɗa kan ƙyallen. Mai tocila ya matsa dama, inuwa ta gusa hagu. In ka san fasalin hujojin da tazarar zana da ƙyalle, gusawar inuwa kaɗai ta isa ta gaya maka inda tocilar take. Swift, wanda aka harba ranar 20 ga Nuwamba 2004, da wannan aka gina shi. Zanarsa wani allo ne da aka manna wa ƴan guntayen dalma kusan 52,000 barkatai, kowane milimita 5 a faɗi, kuma mita 1 a ƙarƙashinsa an shimfiɗa ƙananan ma'aunai 32,768. Dalma tana tare gama, giɓi yana barin ta ta wuce. Barkatan nan da gangan aka yi shi: da a ce layi-layi aka jera guntayen kamar saƙar tabarma, inuwar wani gefe za ta yi kama da ta wani, a rikice. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan kwamfuta ke daidaita inuwar, ta ba da wuri da bai kai faɗin wata ba, ƙasa da shi sosai. Sai dai Swift ba ya kallon fiye da kusan kashi ɗaya cikin shida na sama a lokaci guda.

Ta uku ta lokaci ce. Yaran da suka taɓa ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa sun riga sun san tushenta. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Akwai kumbo mai suna Wind da ke da nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan ta wajen rana, ɗauke da ma'aunin Rasha mai suna Konus. Tsakaninsa da mu tafiyar daƙiƙa 5 ce ga haske. In Wind ya riga Fermi ji da daƙiƙa 5 cif, fashewar ta bayansa ta ɓullo. In tare suka ji, daga gefe ta zo, digiri 90. In da daƙiƙa 2.5 ya riga shi, kusurwar digiri 60 ce, kuma duk ɗan ajin ƙarshe da ya iya kosinus zai fitar da ita a allo. Abin lura, kusurwa ɗaya ba ɗigo take bayarwa ba, zobe take zanawa a sama. Sai an samu kumbo na uku, kamar Mars Odyssey da ke kewaya duniyar Mars, ya zana zobe na biyu. Zobba biyu suna haɗuwa a wuri biyu, sai a duba wanne ne ya faɗa cikin filin da Fermi ya nuna.

Duk wannan share fage ne. Fashewar kanta ta mutu cikin daƙiƙoƙi ko mintuna, abin da ake tsere a cim ma shi ne garwashinta, wato hasken da ke biyo baya yana dusashewa cikin sa'o'i da kwanaki. Shi wannan ana iya tara shi da madubi. Tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ne ya fara kama garwashin ranar 28 ga Fabrairu 1997, shekara 30 bayan Vela. Shi ya sa aka ƙera Swift yadda zai juya da kansa ba tare da jiran umarni ba, cikin minti ɗaya zuwa biyu, ya ɗora madubinsa na hasken X a wurin, ya matse shi ya zama ɗigo. Daga nan manyan madubai na hangen nesa da ke ƙasa su karɓa, su warware hasken kamar bakan gizo, su ga yadda ya karkata zuwa ja. Wannan karkata ce ke ba da nisa. Ranar 17 ga Agusta 2017 an ga amfanin haɗa hannu: na'urorin LIGO na Amurka, masu auna girgizar sararin samaniya, suka ji girgizar karon taurarin niyutiron biyu, bayan daƙiƙa 1.7 Fermi ya ji gama. Da aka haɗa awon LIGO da na Virgo ta Italiya fili ya matsu, kuma bayan kimanin sa'a 11 wani madubi a Cile ya ga sabon ɗigo a garken taurari na NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Afirka ma tana ciki, domin madubai na H.E.S.S. a Namibiya sun auna garwashin GRB 190829A.

Yanzu naka aikin. Duk waɗannan sanarwoyi a fili ake zuba su a shafin gcn.nasa.gov, kyauta, kuma rubutu ne zalla, ko rezo ya yi rauni yakan buɗe. Da Ingilishi suke, amma kada wannan ya kore ka, abu huɗu kawai za ka nema. Sunan shi ne kwanan wata: 221009A na nufin shekarar 22, wata na 10, rana ta 9, harafin A kuma ta farko da aka sanar a ranar. Lokacin da ke jiki agogon duniya ne, UT, sai ka ƙara sa'a 1 ka samu namu. Na sha ganin ɗalibai sun manta wannan sa'ar, duk lissafinsu ya goce da digiri 15. Sai T90, tsawon bugun a daƙiƙa. Sai lambobi biyu, RA da Dec, adireshin wurin a sama, tare da faɗin kuskuren. Faɗin kuskuren nan kaɗai zai gaya maka wace dabara ce ta yi aiki: in digiri ne, rumbu ne, in ɗan guntun digiri ne, zana ce.

Ina ba ka shawara ka bi fashewa ɗaya tun daga sanarwar farko har ta ƙarshe, maimakon ka yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan. Za ka ga fili yana tsukewa sanarwa bayan sanarwa, wannan ya ce na gani, wancan ya ce na duba ban ga kome ba, har wani ya zo da nisa. Wanda ya ce bai gani ba shi ma ya yi aiki, don ya nuna iyakar hasken garwashin a wannan sa'ar.

Sa'an nan ka sauke manhajar Stellarium, ka sa mata Tawa ko Yamai. A kwamfuta akwai wurin rubuta RA da Dec kai tsaye; a salula ka kunna ragar layukan sama ka bi lambobin. Tawa tana kusan digiri 15 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka duk abin da Dec ɗinsa ya kusa +15 ta tsakar kanka zai wuce, wanda ya gangara ƙasa da −75 kuwa ba zai taɓa leƙo mana ba.

Kada ka sa ran ganin garwashin da idonka. Wanda aka tabbatar ya kai hasken da ido zai iya gani shi ne GRB 080319B a 2008, na kusan rabin minti, daga nisan shekara miliyar 7.5. Amma kuma kada ka ce sai mai ƙaton madubi. A 2003 Berto Monard, wani mai sha'awar taurari a Afirka ta Kudu, shi ya fara gano garwashin GRB 030725 da madubi mai faɗin santimita 30 da kyamara. Samanmu bayan damina, kafin hazon hunturu ya sauko, tana da tsabtar da masu wannan aiki ke nema, kuma ina da yaƙinin cewa ranar da ɗaya daga jami'o'inmu ta samu irin wannan madubi za a riƙa ganin sunan Nijar a cikin sanarwoyin nan.

Ka fara gwaji da ta 9 ga Oktoba. Adireshinta RA sa'a 19 da minti 13, Dec +19 da minti 46, cikin ƙaramin rukunin taurari da ake kira Sagitta, wato Kibiya, tsakanin taurari biyu masu haske, Altair da Vega. A farkon Oktoba, ana idar da sallar magariba wurin yana kusan tsakar ka a Tawa, digiri 5 kawai zuwa arewa. Mun hau soro da ɗalibai shida da mahaifin ɗalibar da ta yi tambayar, muka kashe tocila, muka jira minti 15 ido ya saba da duhu. Ita ce ta fara gano Altair. Daga nan ta miƙa hannu ta auna dunƙule ɗaya da ɗan ƙari zuwa wajen Vega, ta tsayar da yatsa ta ce: "Baba, nan ne."