Yadda Ake Haɗa wa Yaro Kayan Tafiya Jami'a

Da zarar sunan yaro ya fito a jami'a, hankalin iyaye kan tafi kasuwa, a ciko jaka uku ko huɗu. Sai an isa a tarar ɗakin da aka ba shi na mutum huɗu ne ko shida, wani lokacin ma da 'yan raɓe a ciki, rabonsa gado ɗaya da 'yar loka da ƙarƙashin gado. Don haka kafin ku sayi komai, ku raba kayan gida biyu: abin da ba zai samu a can ba, da abin da zai iya saye a bakin ƙofar makaranta. Na farkon ne aikinku.

Ku fara da takardu

Nan ne tafiya take ɓaci. A samo fayil na roba mai maɓalli, a zuba takardar shigar JAMB wadda ya cire bayan ya karɓi gurbin a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, da ta makarantar kanta, da sakamakon JAMB, da na WAEC ko NECO, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da takardar NIN, da rasit ɗin duk kuɗin da aka biya ta Remita. Kowace a yi mata kwafi kamar biyar, domin a makon rajista sashe zai karɓa, tsangaya ta karɓa, asibitin makaranta da ofishin ɗakunan kwana su ma su karɓa. Hoton fasfo a wanke dozin guda.

Kafin a rufe fayil ɗin, ku baje takardun a kan tabarma ku karanta sunan da ke jikin kowace. Idan JAMB ta ce Muhammad, NECO ta ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa tsakanin NIN da takardar haihuwa, a gyara tun ana gida, ko a je kotu a yi rantsuwa a taho da takardar. Yaron da bai san kowa ba a sabon gari, gyaran harafi ɗaya zai iya cinye masa mako. Sannan a ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa babban yaya ko uwa ta ajiye.

Sai lafiyarsa

Gidan sauro ya riga komai shiga jaka, tare da igiyar ɗaure shi. A ƙara farasitamol, gishirin ORS, filasta da man zafi. Mai sikila ko asma ko gyambon ciki ya tafi da maganin da zai kai shi wata biyu, da takardar likitansa, kuma ya yi rajista a asibitin makaranta tun makon farko, kada ya jira sai ciwo ya kayar da shi da dare. Abokin ɗakinsa ɗaya aƙalla ya san halin da yake ciki.

Garar abinci

A ganina nan ya kamata uwa ta kashe ƙarfinta, don abin da aka haɗa a gida ya fi na kanti sauƙi da albarka. A zaɓi abin da ba ya lalacewa kuma ba ya cin wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, madarar gari, garin kunu da tsamiya, shinkafa, taliya, man gyaɗa da ɗan manja. Yaji mai tafarnuwa a cika kwalba. Ranar da aljihu ya bushe, shi da mai ne za su mayar da farar shinkafa abinci. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da busasshen tumatir ba su da nauyi. Dambun nama da aka soya ya bushe sosai yana kai makonni. Wake kuwa a rage shi, yana shan gas kuma ƙwari ba sa barinsa ya daɗe.

Kada a bar komai a leda, ɓera da kyankyaso sun riga yaronku zama a ɗakin. A zuba a robobi masu murfi. Jarkar mai a sa mata leda a baki kafin a murɗa murfin, kuma kada ta haɗa jaka da tufafi, balle takardu.

Tukunya biyu, faranti, kofi, cokali, wuƙa da ludayi sun isa. Abin girki kuwa a tambaya tukuna. Makarantu da yawa sun hana rishon lantarki da hita a ɗakunan kwana, kama mutum da su kan jawo ƙwacewa. Inda aka yarda da gas, ƙaramar tukunya mai kilo 3 ta wadatar.

Tufafi gwargwadon gari

Wanda zai tafi Jos, ko Samaru a Zariya, ya tafi da bargo da rigar sanyi da man shafawa mai kauri, don hunturun Disamba da Janairu a can ba wasa ba ne. Na Sakkwato ko Maiduguri ya fi buƙatar yadi marar nauyi da 'yar fanka mai caji saboda zafin Maris zuwa Mayu. Kaya kala bakwai ko takwas, da na Juma'a, da takalmi mai jure tafiya, da silifas na wanka. Wasu tsangayoyin suna da tsarin shigarsu, kamar baƙi da fari na ɗaliban lauya da farar rigar ɗakin gwaji ta 'yan kimiyya. Sarƙar gwal da leshi mai tsada su zauna a gida.

Abin da za a saya a can

Katifa, bokiti biyu, buta, tsintsiya, sabulu da abin shanya duk suna nan a kasuwar Samaru ko wajen Rijiyar Zaki ga ɗan BUK, ba sai an biya musu kuɗin mota ba. Amma ya mallaki nasa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Katifar a saya sabuwa; tsohuwar da ɗalibi mai fita ke sayarwa da araha sau da yawa da kuɗin cizonta take zuwa. Daga gida kuma a sa masa kwaɗo biyu masu ƙarfi, fitila mai caji, abin jona caji mai baki da yawa, da batirin ajiyar caji na waya.

Kuɗi da ranar tafiya

A buɗe masa asusun banki da sunansa, da katin cirar kuɗi, ku kuma tsayar da abin da za ku iya turawa duk wata, ya san iyakarsa tun yanzu. Ɗaliban manyan makarantun gwamnati na iya neman lamunin NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata, amma bashi ne, a zauna a yi shawara kafin a cike.

Ku bar shi ya shirya jakar da hannunsa kuna kallo, don ya san inda komai yake. A rubuta masa lambobin waya uku a takarda, har da ta wani ɗan'uwa ko amini da ke garin. Fayil ɗin takardu, waya, magani da kuɗin mota su shiga ƙaramar jakar da zai rungume a kan cinya, kada a yarda ɗan kamasho ya jefa ta but ko saman mota. A kama motar safe, don ya isa ofisoshi suna buɗe, ya karɓi ɗaki kafin la'asar.