Yadda Za Ka Auna Littafin Yaƙi da Tsafi Kafin Ka Biya Kuɗinsa

Labarin aljanu da matsafa da sadaukai ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa, domin tun 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, bayan gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Sai dai a wancan zamani akwai masu tace rubutu tsakanin marubuci da mai karatu, yanzu kuwa da yawa daga littattafan yaƙi marubutansu ne ke fitar da su da kansu, ko a takarda kamar yadda aka saba a kasuwar Kano, ko a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad, inda ake ba ka shafukan farko kyauta, sauran kuma sai ka biya. Saboda haka aikin tacewa ya dawo wuyanka.

Abin da za ka fara dubawa shi ne ko tsafin da ke cikin labarin yana da doka da farashi. Idan marubuci ya ce zoben sadauki ba ya aiki sai bayan faɗuwar rana, ko kuma duk sa'ad da boka ya kira aljaninsa sai shekara guda ta ragu daga rayuwarsa, to ka riƙe wannan sharaɗi a ranka, ka ga ko zai cika alkawarinsa lokacin da labari ya yi zafi. A nan ake gane gwani. Marubucin da ya san aikinsa yakan fitar da jaruminsa daga halaka da abin da ya riga ya nuna maka tun farko, har ka ce ai da ka lura da ka hango. Wani dare na hunturu a Unguwar Rogo, sanyin Jos ya hana ni fitar da hannu daga bargo sai don juya shafi, na bi wani littafi har kashi na uku, inda aka ɗaure jarumin da sarƙa aka jefa shi rijiya gaba dubu. Ina jiran in ga dabararsa, sai ga wani aljani da ba a taɓa ambatarsa ba ya sunkuce shi ya dire a fada. A wurin na rufe littafin, domin wanda za a cece shi ta kowace hanya ba shi cikin haɗarin da zai sa gabanka ya faɗi.

Bayan wannan sai ka gwada yaƙe-yaƙen. Ka tsallake gumurzu guda gaba ɗaya, ka ci gaba daga inda ƙura ta lafa. In ba ka rasa komai ba, babu wanda ya mutu da za a yi kewarsa, babu birnin da ya sauya hannu, to sara da sukan nan cika shafi ne kawai, ko da an ce dakaru dubu ɗari ne suka gwabza.

Kurakuran bugu kuwa kada ka tsananta a kansu. Wanda ke rubutu da waya yakan rasa ƙ da ɗ da ɓ, wannan kuma abin yafewa ne. Abin da ba a yafewa shi ne gimbiyar da aka kira da wani suna a babi na biyu ta koma wani suna a babi na tara, domin alama ce cewa mai littafin bai sake karanta abin da ya rubuta ba.

Saura batun littafi mai kashi-kashi, wanda a nan ne kuɗi ke zurarewa. Kashi na ɗaya mai kyau yakan warware ƙulli guda, ko da babban rikicin yana nan, ba ya yanke magana a tsakiyar sara ya ce mu haɗu a na biyu. Kafin ka biya, ka tambayi mai shago kai tsaye: “Malam, an kammala shi, ko ana kan rubutawa?” In ta waya ne, ka duba tazarar da ke tsakanin fitowar babi da babi, ka kuma bincika ko marubucin ya taɓa kai wani labari ƙarshensa. In bai taɓa ba, ka tsaya a shafukan kyauta har sai ya rubuta kalmar tammat.