Ku daidaita sunayen marubuta kafin ku ɗauki hoton shafi ko ɗaya

Jama'a masu aikin ɗakunan karatu, in cibiyoyinku za su haɗa rumbun littattafai ɗaya a intanet, ku fara da jerin sunayen marubuta guda ɗaya tak. Kowa daga nan zai kwafo suna, ba daga kansa ba.

Na ga illar rashinsa a aikin rubuce-rubucen ajami da Larabci. Mu muka rubuta Usmanu ɗan Fodiyo, abokan aikinmu suka sa Uthman b. Fudi, wasu kuma Shehu Danfodiyo. Mutum ɗaya ya zama uku. Mai bincike ya nemi ɗaya, sauran littattafan Shehu suka ɓuya masa. Gyaran ya ci mana makonni, abin takaici.

Ku buɗe Google Sheets (manhajar jera bayanai a jadawali ta intanet), ku zaɓi suna ɗaya ga kowane marubuci, ku jera sauran sunayensa a gefensa, har da na haruffan Larabci. Mutum ɗaya kawai zai riƙa ƙara sabon suna.

Amma ku kula, sau da yawa sunan da ke ƙarshen littafin da aka rubuta da hannu na mai kwafa ne, ba na mawallafi ba. A nan jerin ba zai fisshe ku ba, sai kun kai wa malamin da ya san littafin.