Yadda na hana Hajiya shan magani sau biyu

Tun da ciwon mantuwa ya kama Hajiyarmu, maganin hawan jininta ya zame mana tashin hankali. Wata Talata ƙanwata ta ba ta da safe, na zo daga Gwammaja na tambayi Hajiya, ta ce, "Wallahi ɗan nan, ba wanda ya ba ni komai." Na ƙara mata. Kafin azahar jiri ya kwashe ta a bakin bayi.

Laifinmu ne, mun mai da ita shaida alhali ita ce mai mantuwar.

Na kwashe magungunan duka daga ƙarƙashin matashinta na zuba a leda, har da jiƙon da ake sayo mata a Kasuwar Kurmi, na kai wa likitanta. Ashe kwalaye biyu maganin hawan jini iri ɗaya ne, amlodipine, sunan kamfani kawai ya bambanta. Ya cire ɗaya. Ya kuma hana mu daka ƙwaya a kunu sai mun tambaya, don wasu an yi su ne su narke a hankali.

Na sayo akwatin roba mai gida 7, ina cika shi kowace Juma'a, sauran suna kulle a kabad. Ƙanwata kaɗai ke bayarwa, bayan sallar asuba, ta tsaya har Hajiya ta haɗiye, sannan ta ja layi a kalandar bango. In an tsallake rana, ba ma ninkawa washegari.

Hajiya ta yi fushin kwana biyu kan makullin. Yanzu yana wuyan ƙanwata.