Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a tarihin fizik

Kowace shekara ɗaliban lise a nan Yamai suna maimaita kurakurai iri ɗaya kan tarihin fizik, wasu ma har su shiga Jami'ar Abdou Moumouni da su.

Mafi muni shi ne labarin Galile. Yaro zai rubuta cewa ya hau hasumiyar Piza ya saki duwatsu biyu masu bambancin nauyi suka faɗi tare, shi ke nan ya kayar da Aristotil, masanin Girka da ya ce abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. Wannan labari almajirinsa Viviani ne ya rubuta bayan mutuwarsa, kuma masana tarihi da yawa na shakkarsa. Aikin da Galile ya bayyana da kansa a littafinsa na 1638 na gangaren katako ne: ya rage saurin faɗuwa don ya iya auna lokaci, yana auna nauyin ruwan da ya zuba daga mazubi.

Ni dai ba na yarda a haddace wannan, sai an yi shi. A samo miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2, a ɗaga gefe ɗaya da santimita 10, a saki ƙwallon ƙarfe. Zai kai ƙarshe cikin kusan sakan 3 da rabi, amma rabin mita na farko kaɗai zai ci rabin lokacin nan. In lokaci ya ninka biyu, tazara ta ninka huɗu. In lissafi ya ƙi fita, ko an tura ƙwallon da yatsa, ko katakon ya lanƙwashe, ko gangaren ya yi tsayin da hannu ba ya cimma agogo. A maimaita sau 10 a ɗauki matsakaici. Kuma ku daina yi wa Aristotil dariya! Cikin iska gashin tsuntsu yana makara da gaske; a duniyar wata, inda babu iska, ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a 1971 suka faɗi tare.

Na biyu ya fi ba ni haushi: a yi tsalle daga Girka zuwa Galile, kamar babu wanda ya yi tunani a tsakani. Ina aka bar Ibnul Haisam? Ɗan Basra ne, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Ku huda ƙaramin rami jikin kwali, ku sa farar takarda ciki, za ku ga hoton waje a kife.

"Ainstain ya rushe Niyuton" ma kuskure ne. Dokokin motsi da Niyuton ya wallafa a 1687 har yau da su ake lissafin gada da harba tauraron ɗan'adam. A 1915 Ainstain ya gyara inda suka gaza, kamar zagayen duniyar Makuri. Kyautar Nobel ta 1921 kuwa kan yadda haske ke fizgo elektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, daga ƙarfe ya same ta.

Akwai kuma kuskure kan hanyar da duniyoyi ke bi wajen zagaya rana: Kofanikus, a 1543, da'ira ya ba duniyoyi; Kepla ne ya bayyana a 1609 cewa hanyar duniyar Mirrihi, wato Mars, mai siffar ƙwai ce.