Yadda ake gane siffar molekul mai atom uku

'Yan'uwa ɗalibai na Agege da Idi-Araba masu shirin WAEC, kun yi ta tambaya. To ga shi:

1. Ku nemo atom na tsakiya. A H₂O, wato ruwa, oksijin ne, a CO₂ kabon. Kada ku sa haidurojin a nan.
2. Ku ƙirga elektron na waje, wato na zagayen ƙarshe na kowane atom, gaba ɗaya: ruwa 8, CO₂ 16.
3. Ku haɗa atom na tsakiya da sauran biyun, kowane haɗi da elektron biyu.
4. Ku cika atom na gefe da elektron har takwas (haidurojin biyu kawai), ragowar ta koma tsakiya.

Hattara, nan ake yawan faɗuwa! Ragowar nan ita ke lanƙwasa molekul, kada ku manta da ita.

5. Ku duba tsakiya. In babu ragowa, miƙaƙƙe ne, digiri 180, kamar CO₂. In elektron biyu ko huɗu suka rage, lanƙwasasshe ne. Ruwa digiri 104.5.