Idan oga ya zama ƙarfen ƙafa: yadda za ka kare kanka a wurin aiki

Mugun shugaba da baki yake aiki. Zai ba ka umarni a tsaye a bakin ƙofa, in abu ya ɓaci ya ce bai san zancen ba. Saboda haka ka mayar da komai rubuce. Da ya sa ka aiki, musamman in da kuɗi ko kayan sito a ciki, tura masa gajeren saƙo: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta ɗazu, zan fitar da katan ashirin ranar Laraba." Ko bai amsa ba, saƙon ya zama shaida.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a gida, kada ka bar shi a durowar ofis. Duk ranar da aka yi maka tsawa gaban jama'a ko aka riƙe maka alawus, rubuta kwanan wata, lokaci, ainihin kalmomin da aka faɗa, da waɗanda ke wurin. "Ya wulaƙanta ni" ba ta da nauyi a gaban kwamitin bincike, abin da ya fito daga bakinsa suke son ji.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne takardar kwari, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce. Wani ya amsa zuciya na tafasa, ya cika shafi uku da tonon asiri, sai a bar laifin farko a kama shi da rashin ladabi. Wani kuma ya yi fushi ya ƙi amsawa, a ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi. Duba wa'adin da ke jikinta, galibi awa 24 zuwa 72 ne. Amsa abin da aka tambaya kawai, a shafi ɗaya. Yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a naka kafin ka miƙa.

Batun gulma gajere ne: kada ka zagi oga a zauren WhatsApp na ofis. Akwai mai ɗaukar hoton saƙon ya kai masa kafin azahar.

In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, fara da sashen kula da ma'aikata, sannan wakilin ƙungiyar ƙwadago. A waje, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kaduna yana yin sulhu. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ba ta karɓar ko sisi, amma kada ka bari wata 12 su wuce daga faruwar abin kafin ka kai ƙorafi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a Kaduna, kuma sashe na 254C na tsarin mulki ya ba ta hurumi kan zaluncin wurin aiki, har da neman mace da lalata.

In barci ya ƙaurace maka, kai na sarawa tun daren Lahadi, je a auna jininka. Ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ba abin kunya ba ne.

Wanda ya yanke shawarar tafiya ya duba takardar ɗaukarsa aiki tukuna. Mafi ƙarancin sanarwar barin aiki a Dokar Ƙwadago shi ne mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya daga shekara 5. In aka turo maka takardar ajiye aiki aka ce ka sa hannu nan take, nemi a ba ka kwana biyu, ka kai wa lauya ko wakilin ƙungiya ya karanta.